Jirgin Baƙo da Jirgin Ɗan Gari: Gulbin Rima a Madubin Birnin Benis

Yawon buɗe ido cikin jirgin ruwa, wato ɗaukar baƙo a kwalekwale ko a jirgi mai inji a zagaya da shi domin ya kalli gari ta fuskar ruwa ba domin ya isa wani wuri ba, sana'a ce da ta fi bunƙasa a tsofaffin biranen da ruwa ya ratsa, kuma babu inda alfanunta da illarta suka bayyana tare kamar birnin Benis na arewa maso gabashin Italiya, wanda littattafan Larabci suka sani da sunan Bunduƙiyya. Sakkwato ba ta cikin jerin irin waɗannan birane, domin a kan tudu Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809, sai dai tana da abubuwa uku da wannan sana'a take tsayawa a kansu, waɗanda su ne gulbi a bakin gari, da tarihin da yake jawo masu ziyara daga nesa, da masu fito da suka gaji tuƙi kaka da kakanni. Tambayar da wannan sharhi ya sa a gaba ita ce abin da yake faruwa idan hanyar ruwa guda ta zama dole ta ɗauki ɗan gari mai zuwa neman abinci da kuma baƙo mai zuwa kallo, da wanda ya kamata a fara tsara ruwan dominsa.

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, a tare shi a madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara, sannan ya gangaro ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato. Shi kuwa Rima yana tara ruwansa daga Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wanda yake shiga Jamhuriyar Nijar ya dawo, kuma madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 da ikon riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ita ce take sarrafa yawan abin da yake isowa birni. Bayan mahaɗar, ruwan yana wucewa ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa cikin Kwara. Abin da ya bambanta wannan gulbi da kogunan ƙasashen da ake ruwa duk shekara shi ne kamanninsa biyu, domin a watannin Agusta da Satumba yakan cika ya malale fadama har ido ya kasa hango gaɓa, da rani kuwa yakan janye ya bar tafkuna da yashi da gonakin shinkafa da albasa.

Duk da cewa Ƙofar Kware da Ƙofar Dundaye suna fuskantar wajen gulbi, birnin ya juya masa baya a harkar baƙi. Mai ziyara daga Kano ko Ilori ko Tawa yakan fara da Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, ya je Masallacin Shehu da Masallacin Bello da Fadar Sarkin Musulmi, idan mai bincike ne ya ƙara da Ma'adanar Tarihi ta Waziri Junaidu, wataƙila ya zarce Wurno ga kabarin Bello, amma da wuya wani ya ce masa akwai abin gani a ruwa. Mutanen birni da kansu ba su cika tunawa da kwalekwale ba sai an shiga matsi, kamar yadda ya faru a ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da Rima ya karya gada ya yanke hanyar da ta bi ta Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har ɗalibai da malamai da mutanen ƙauyukan ƙetare suka koma hannun masu fito.

Benis ba baƙuwa ba ce ga tarihin Sakkwato, ko da yake kaɗan ne suka lura da hakan. Da yawa daga cikin littattafan da malaman daular Sakkwato suka rubuta ko suka kwafa a ƙarni na 19 an yi su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ake gani idan an ɗaga ta ga haske, kuma masana'antun yankin Benis, irin na gidan Galbani da ke Fordenone, su ne suka yi ta fitar da ita zuwa Masar da Tarabulus, daga nan ayarin raƙuma ya ƙetaro da ita hamada. Birnin da ya yi wannan ciniki an gina shi a kan ƙananan tsibirai 118 cikin wani tafkin ruwan gishiri mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 550, wanda mashigai uku suka haɗa shi da teku, ta yadda cikar teku da janyewarta sau biyu a yini suke wanke lungunan ruwan. Lungun ruwa a nan yana nufin hanyar ruwa da aka gina wa bango hagu da dama, gidaje suka buɗe ƙofofinsu a kanta, kuma akwai sama da 150 irinsu da gadoji kimanin 400. Mafi girma shi ne Babban Mashigi, mai tsawon kilomita 3.8, wanda ya raba birnin biyu, gadoji huɗu kacal suka ƙetare shi, mafi tsufa ita ce gadar dutse ta Riyalto da aka gama a 1591. Mota ba ta wuce bakin gari, don haka kayan kasuwa da shara da marar lafiya da gawa da ma'aikatan kashe gobara duk ta ruwa suke bi.

Jirgin da duniya ta san Benis da shi shi ne gondola, baƙin kwalekwale mai tsawon kusan mita 11, wanda ake haɗawa daga guntayen katako kimanin 280 na itatuwa iri 8, a kuma karkata jikinsa da gangan, gefen hagu ya fi na dama faɗi, domin matuƙi guda da yake tsaye a baya yana tuƙi da filafili ɗaya ta dama ya iya tafiya miƙe ba tare da jirgin ya yi ta juyawa ba. A zamanin jamhuriyar Benis, wadda Nafoliyon ya kawo ƙarshenta a 1797, gondola abin hawan yau da kullum ne, akwai dubbansu, kuma kowane babban gida yana da nasa matuƙa. Shigowar jirgi mai tururi a 1881, wanda har yau ake kiran magadansa masu injin dizal da sunan baforeto, ita ce ta fara ƙwace musu fasinja, har matuƙan suka yi yajin aiki a kan haka. Abin da ya rage musu shi ne baƙo. A yau masu lasisin tuƙin gondola kimanin 430 ne, kuma a farashin da hukumar birnin ta tsayar a 2023, zagayen rabin sa'a yuro 90 ne da rana, zagayen dare kuma yuro 110 bayan ƙarfe 7 na yamma, kuɗin da babu ɗan gari mai hankali da zai biya domin zuwa kasuwa. Sana'ar ta tsira, har da masu sassaƙa jiragen da masu gyaransu, amma ta tsira ne a matsayin abin kallo, kuma ragowar asalinta kawai ake gani a 'yan mashigan fito da ake kira tirageto, inda babbar gondola take ƙetarar da mutane Babban Mashigi a kan yuro 2 ga baƙo, ƙasa da yuro 1 ga mazaunin gari.

Illar farko da cunkoso ya haifar tana cikin ruwan kansa. Gine-ginen Benis suna zaune ne a kan dubban turakun itace da aka kafa cikin laka, waɗanda ba sa ruɓewa muddin iska ba ta taɓa su ba, a bisansu aka jera farin dutse mai hana ruwa ratsawa, sannan tubalin da aka gasa ya hau. Wannan tsari an yi shi ne domin ruwan da filafili yake motsawa, mai kwanciya. Jirgi mai inji kuwa yana tayar da igiyar ruwa da take dukan bango dare da rana, tana zaizaye abin da ya riƙe duwatsun, tana kai gishiri ga tubalin da ba a yi shi domin jiƙewa ba, yayin da farfelar injin take tono lakar da ke ƙasa. Mutanen birnin sun daɗe suna kuka da wannan, kuma tseren filafili na Bogalonga, mai nisan kimanin kilomita 30, an fara shi ne a 1975 domin nuna ƙin amincewa da mamayar injuna. Lokacin kullen annobar korona a 2020, da jirage suka tsaya, ruwan lungunan ya kwanta har ana hango ƙasansa, abin da ya nuna cewa yawancin duhunsa laka ce da zirga-zirga take tayarwa.

Illa ta biyu ita ce gwamutsuwar jiragen da girmansu da saurinsu da manufarsu suka sha bamban a cikin ƙunci guda. A watan Agustan 2013 wani baƙo Bajamushe ya rasu kusa da gadar Riyalto bayan baforeto ya matse gondolar da yake ciki da iyalinsa, kuma a watan Yunin 2019 katafaren jirgin shaƙatawa na teku mai suna MSC Opera ya ƙwace ya daki wani ƙaramin jirgin baƙi da bakin tashar da ke mashigin Judeka. Sai a ranar 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta gaban dandalin San Marko, bayan shekaru ana jayayya, kuma bayan hukumar UNESCO, wadda ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, ta yi barazanar mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Illa ta uku ta fi sauran nauyi, ko da yake ba ta da hoton da jaridu za su buga. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000, a 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000, a 2023 kuma gadajen kwanan baƙi suka zarce yawan mazauna, alhali ƙiyasin masu shigowa yana tsakanin miliyan 20 zuwa 30 a shekara. Ba jirgin kallo kaɗai ya kori mutane ba, domin ambaliyar 1966, lokacin da ruwa ya tashi santimita 194, da lalacewar tsofaffin gidaje, da ayyukan masana'antu a kan tudu duk sun taimaka, amma a shekarun baya-bayan nan mai gida ya gane cewa hayar kwana ga baƙo ta fi hayar shekara ga maƙwabci riba, shagon burodi ya koma shagon tsaraba, ma'aikacin asibiti kuma ya riƙa rasa wurin tsayawa a baforeton da zai kai shi aiki. Kuɗin shiga na yuro 5 da aka fara karɓa daga masu yini su koma a ranar 25 ga Afrilun 2024, da dokar taƙaita ayarin masu yawo ga mutum 25 a wannan shekarar, sun kawo wa hukuma kuɗi da ƙididdiga, amma ba su rage taron yadda za a gani ba, kuma wanda ya biya kuɗin jirgin sama daga wata nahiya yuro 5 ba za ta mayar da shi gida ba. Italiya ta iya kashe biliyoyin yuro ta gina ƙofofin ƙarfe 78 masu tare teku, waɗanda aka fara ɗagawa a Oktoban 2020, amma mayar da iyalai cikin unguwannin da suka watse ya gagare ta.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki Benis a matsayin labarin gargaɗi kawai, domin akwai abubuwan da ta tsara da kyau, kuma su ne suka fi shafar Sakkwato. Ba a tuƙa gondola sai da lasisi, bayan horo da jarrabawar tuƙi da ta iyo da ta tarihin gari, adadin lasisin kuma yana da iyaka. Kowane jirgi yana da lamba da tasha da yawan mutanen da aka yarda ya ɗauka, kuma a 2020 ƙungiyar matuƙan da kanta ta nemi a rage fasinjan gondola daga 6 zuwa 5, na tirageto daga 14 zuwa 12, saboda ta lura nauyin ya fara yi wa jiragen yawa. Farashi a rubuce yake a tasha. Mafi muhimmanci, kuɗin baforeto kashi biyu ne, baƙo yana biyan yuro 9.50 a tikitin minti 75, mai katin zama kuma yuro 1.50, ta yadda aljihun mai kallo yake tallafa wa jirgin mai zuwa aiki.

Idan aka dawo gida, matsalar ta juya. A Benis jirgin baƙo ne ya danne jirgin ɗan gari, a ƙasar Sakkwato kuwa jirgin ɗan garin ne ba shi da mai kula da shi. A watan Afrilun 2022 mutum 29 daga Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa masu zuwa neman itace, suka rasu a kifewar kwalekwale, a watan Mayun 2023 wasu yara 15 suka bi su a Dandeji cikin wannan ƙaramar hukumar, a watan Agustan 2024 jirgin manoma ya kife a Dundaye, dab da birni, sannan a watan Agustan 2025 jirgin da ya ɗauko mutum sama da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya nutse. Dalilan ba sa canzawa: tsohon jirgin katako da ake toshe ɓarakarsa da tsumma, lodin mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki, rashin rigar kariya, da tafiya lokacin da gulbi ya cika yana gudu. Mai fito yana cika jirgi ne saboda kuɗin fito kaɗan ne kuma sabon jirgi ya fi ƙarfinsa, fasinja kuma yana shiga ne saboda babu gada kusa, ko kuma hanyar mota ta zama ta 'yan bindiga, kamar yadda take a sassan gabashin jihar. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin da suka hana lodin wuce kima da tafiyar dare, suka kuma wajabta rigar kariya, sai dai ƙa'idar da babu mai tsayawa a mashigi ya tabbatar da ita ba ta wuce takarda ba. Waɗanda suke mashigin kullum su ne sarakunan ruwa, wato shugabannin gargajiya na masunta da masu fito, waɗanda suka san zurfin kowane gurbi da halin kowane matuƙi, amma ba a ba su iko a doka ko kayan aiki ba.

Misali mafi kusa na mayar da ruwa abin kallo a wannan yanki shi ne bikin kamun kifi na Argungu, mai nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato bayan doguwar gaba. A Matan Fada dubban masunta suke faɗawa ruwa da homa da gora, a gefe guda kuma ana yin kabanci, wato wasannin gwanintar ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, kuma UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gadon ɗan Adam a 2016. Abin lura shi ne a Argungu baƙo a gaɓa yake zama, gwanaye ne a cikin ruwa, kuma kafin ranar sai Sarkin Ruwa ya ba da izini bayan an hana kamun kifi a wurin tsawon lokaci domin kifin ya girma. Wannan tsari ya kare ruwan da mai kallo duka, amma kwanaki kaɗan ne a shekara, kuma dakatar da bikin na kusan shekara goma kafin dawowarsa a 2020 ya nuna cewa garin da ya jingina da baƙi yana jingina ne da abin da ba ya hannunsa. Mofti ta ƙasar Mali, a mahaɗar Kwara da Bani, inda dogayen jiragen katako suka riƙa kai Turawa yawo har Tambutu, ta ga haka da idonta bayan rikicin 2012.

Saboda haka, duk wani shiri na yawon jirgi a Rima yana da iyakokin da yanayi ya shata masa. Lokacin da ruwa ya fi yawa shi ne lokacin da ya fi haɗari, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, da zafi yake wuce digiri 40, ruwan ya ja baya kuma babu mai son zama a buɗaɗɗen jirgi. Abin da ya rage shi ne tsakanin kaka da hunturu, sa'ad da gulbi ya lafa, fadama take shar, tsuntsayen ruwa masu ƙaura suka sauka, kuma ko a nan ma zurfin ruwan ya danganta da abin da aka sako daga Goronyo, wanda yake hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka ba a iya tsara tafiya ba tare da ita ba. Masu hawa ma ba Turawa za su zama ba. Ɗaliban makarantu ne, da iyalai a ranakun salla, da masu ziyarar Hubbare da za su so ganin ganuwar tudun da Bello ya zaɓa ta inda mayaƙa da fatake suka riƙa hango ta, kuma waɗannan suna buƙatar jirgi mai rumfa da wurin zaman mata da ya dace da al'adar gari da mai bayani da ya san tarihin ribaɗoɗin da aka kafa a gefen kwarin. Sakkwato ba ta fuskantar barazanar baƙi miliyan 20, kuma gidajenta ba a cikin ruwa suke ba, amma injin da yake cin bangon Benis zai iya cin gaɓar yashi da ragar masunci, kuma ɗan kasuwar da ya kawo jiragen shaƙatawa daga waje zai iya ture masu fiton gado daga mashiginsu cikin damina guda.

Tsarin da ya dace shi ne a fara da jirgin kasuwa. A ƙidaya jiragen da ke kowane mashigi daga Goronyo zuwa Wamakko da Silame, a ba kowanne lamba, a zana masa layin da ruwa ba zai wuce ba, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, a ajiye rigunan kariya a hannun Sarkin Ruwa tare da ikon hana jirgi tashi, a kuma buɗe wa masu fito hanyar rancen sayen sabon jirgi. Idan daga baya aka buɗe yawon kallo, lasisin farko na 'ya'yan masu fiton ne, kuma kuɗin baƙo ya ninka na ɗan gari, rarar ta tafi ga gyaran mashigi. Gwamnatin jiha da majalisar Sarkin Musulmi da NIWA ba su da hujjar gayyatar baƙo ya hau Rima domin nishaɗi matuƙar manomin Dundaye yana ƙetare shi ba tare da rigar kariya ba.